A Ba Mu Fili Kafin A Ba Mu Ƙwallo

Jawabin da aka yi wa jama'ar ƙauyukan arewacin Kano



Da yawanku kun san ni da alli a hannu kafin jam'iyya ta ɗora mini wannan aiki. Na kuma san abin da wani dattijo ke faɗa a ransa yanzu: “Yaron nan, ana maganar taki da tsadar gero, shi kuma ya zo mana da zancen wasa.” Baba, ka yi haƙuri. Maganar taki tana nan cikin wannan takarda, an yi ta a wani shafi. Tawa maganar ta ƙasa ce, ku kuwa kun fi kowa sanin darajar ƙasa.

Ku dubi ƙasarmu. Daga Minjibir zuwa Ɗambatta, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi da Tsanyawa, ina dajin yake? Babu. Gona manne da gona, iyakarsu ɗan kuyya ko layin gamba. Uba ya rasu a raba gonarsa, 'ya'ya su rasu a sake rabawa, har abin da kakanmu ya noma shi kaɗai yau gida goma ke ci a cikinsa. Burtali ya tsuke, makiyaya ta zama gona. To, a irin wannan matsi, wurin da aka fara cinyewa shi ne wanda ba shi da mai shi, wato dandali da filin makaranta.

Na gani da idona. A makarantar da na koyar akwai fili bayan azuzuwa, nan muke tsere da ƙwallo, nan samarin gari ke langa da yamma. Wata damina aka shigo da kunya biyar ta gyaɗa, muka yi shiru. Damina ta gaba suka zama ashirin. Kafin na bar aiki an kafa harsashin shaguna a gefen da ya rage. Ba zan kama sunan kowa ba, don laifin har da mu da muka zuba ido. Akwai wani yaro a ajina, in ya zura da gudu sai ka ce barewa. Ban sami inda zan auna gudunsa ba, balle in kai shi gasa. Yau yana Legas yana tura baro.

Kowane zaɓe, 'yan takara sukan zo da riguna masu hotonsu da ƙwallo biyu, a sa gasar kofi a gonar wani bayan an girbe dawa, yara suna gudu kututturen kara yana yanka musu ƙafa. Ruwan farko ya sauka, mai gona ya ce a tashi. Shi ke nan, sai bayan shekara huɗu. Ƙwallo tana fashewa, riga tana yagewa. Fili kuwa in an yanka shi an rubuta, jikokinmu za su tarar da shi.

Kada wani ya ce muku ba a iyawa. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar jiha amana a hannun Gwamna, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallaka a karkara, har da keɓe wuri don amfanin jama'a. Abin da ya rage shi ne kuɗin diyya da mutanen da za su tsaya a majalisa su sa shi cikin kasafi. Filin ƙwallo cikakke bai kai eka biyu ba. A ce eka uku, da wurin 'yan kallo da da'irar kokawa a gefe. Wanda aka taɓa gonarsa a biya shi diyya ta gaskiya, a hannunsa, gaban dagaci da liman, kafin a kafa turke ko ɗaya. Ba mu yarda a ƙwace wa talaka gona da sunan wasa ba, wannan kam a'a. A wurare da yawa ma ba sai an taɓa kowa ba, filin makarantar ne za a auna a mayar da iyakarsa, a kewaye shi da darbejiya.

Abin da jam'iyyarmu ke nema ke nan: kowace mazaɓa ta sami fili ɗaya mai takarda da sunan jama'ar gari, da rijiyar burtsatse, da rumfa, da makewayi, da akwatin magani da wanda ya iya ɗaurin rauni. Ba mu ce a gina mana irin filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ba. Wancan na birni ne, ya karɓi gasar duniya ta matasa a 1999 da 2009, mun yi alfahari. Kano Pillars ta ci kofin ƙasa a 2008, ta sake ci sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Tun kafin ita, Raccah Rovers ta Kano ta ci a 1978, iyayenmu suna tunawa. Ahmed Musa daga Pillars ya tafi Turai, ya dawo ya buɗe wurin wasanni a Hotoro a 2017. Madalla. Amma yaron Kunci ko Makoɗa, wa zai biya masa kuɗin mota kullum zuwa Hotoro?

Yanzu bari in zo kan kuɗi, don na san nan kunnuwa za su buɗe. Wasa yana kawo baƙi, baƙo kuwa da yunwarsa yake zuwa. Ba sabon abu ba ne gare mu. Tun zamanin kakanni, in kaka ta yi, mahauta 'yan dambe sukan bi gari gari da makaɗansu, samarin noma su ɗaura warki su fito kokawa. A tambayi tsofaffi yadda gari ke cika. Yau mai son ganin Kudu da Arewa da Guramaɗa sai ya hau mota ya tafi gidan dambe a birni, ya kashe kuɗinsa a can. Wasan na ƙauye ne, cinikin ya koma birni.

Ku dubi 'yan'uwanmu na Nijar. A 1975 gwamnatinsu ta fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, wadda ake ce wa gasar takobi, Kantu na Maraɗi ya fara ɗauka. Suka gina filayen kokawa a manyan garuruwan jihohinsu, ana kewayawa da gasar. Garin da ta sauka, kwana da kwanaki mai tuwo ba ta hutawa, mai shayi ba ya barci, mai ɗakin haya ya ga kuɗi. Kokawar nan ba ta fi tamu ba, su dai sun yi mata gida ne. A nan Nijeriya ma, wa ya san Argungu a ƙasashen Turawa in ba don bikin kamun kifi ba?

Mu muna da abin da za mu jingina a kai. Kasuwar Ɗambatta tana ci ran Lahadi, ta Bichi ran Juma'a, mutane na zuwa daga Kazaure da Daura har da Nijar. In akwai fili mai kyau kusa, aka sa kokawa da dambe da yammacin ranar kasuwa daga kaka zuwa bazara, rabin waɗannan baƙin ba za su yi saurin tafiya ba. Iyayenmu mata, fura da ƙosai da dafaffiyar gyaɗar da kuke aikawa da su, a nan za su ƙare. Kuɗin ƙofa kuma kwamitin gari ya riƙe, a karanta lissafi a bainar jama'a, a gyara fili da shi.

Malamaina, na san damuwarku: kada wasa ya hana salla da karatu, kada ya jawo caca da shaye-shaye. Gaskiyarku. Shi ya sa muka ce ku shiga kwamitin, ku sa doka: a fara bayan la'asar, a tashi kafin magariba, ba caca, ba maye. Amma ku tuna, shaye-shayen nan bai jira fili ba. Sai da maganin tari mai kodin ya yi ɓarna har Gwamnatin Tarayya ta hana shi a 2018. Yaron da ya gama aikin damina, wata shida yana zaune a bakin titi ba abin yi, ba a fili ya koyi wannan ba, a lungu ya koya, inda idonku ba ya kaiwa.

Saboda haka duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a, na majalisar jiha ne ko na tarayya, har da namu, in ya miƙo ƙwallo ku karɓa ku yi godiya. Sa'an nan mai unguwa ya tashi ya tambaye shi: “Ranka ya daɗe, a ina za a buga ta? Wane fili, eka nawa, wa zai biya diyya, yaushe za mu ga takarda?” Ku sa wani ɗan makaranta ya rubuta amsar, da kwanan wata, a ajiye wurin liman. Samari, ku duba katinku na zaɓe tun yau, wanda bai karɓo nasa ba ya same ni bayan an tashi.