Ladabin Rubuta Imel a Harkar Kasuwanci da Neman Aiki

 

Abin da aka ɗora mana mu yi magana a kai shi ne ladabin rubuta imel, wato wasiƙar da ake aikawa ta intanet zuwa banki, ko kamfani, ko ofishin gwamnati. Jama'a, mu nan zaman nema muke yi a ƙasar mutane, kuma sau da yawa mai karanta saƙonmu bai taɓa ganin fuskarmu ba. Da rubutun nan zai auna mu, ya ga ko mun isa a ba mu kaya ko aiki.

Na farko, adireshi. Yaro ya buɗe imel da laƙabin da ake kiransa a majalisa, sannan ya nemi aiki da shi, ina za a kula shi? A sa suna na gaskiya ko sunan shago. Gurbin kanun magana kuma kada a bar shi fayau. A rubuta, misali, "Neman farashin siminti buhu 200", don mai ofis ya san abin da ke ciki tun bai buɗe ba.

Na biyu, gaisuwa. Mu Hausawa mun saba da ina gajiya, ina iyali, yaya sanyi. Wannan a zaure ne. A imel layi ɗaya ya isa, sai a shiga magana. Amma a ba mutum girmansa: in Cif ne a rubuta Cif, in Dakta ne a rubuta Dakta, don masu masaukinmu ba sa wasa da wannan. Kada a rubuta saƙo duka da manyan baƙaƙe, ana ɗaukar haka tamkar tsawa ce. Gajarce-gajarcen WhatsApp kuma a bar su can. Wanda Turancinsa bai nuna ba, ya ba wani amintacce ya duba masa, ba abin kunya ba ne.

Na uku, lissafi. A faɗi yawan kaya, da farashi, da irin kuɗin, naira ce ko dala. Sunan wata a rubuta shi da baƙaƙe, domin mutanen Amurka wata suke fara sawa. In ka rubuta 3/4 kana nufin 3 ga Afrilu, shi 4 ga Maris zai karanta. Haka lokaci: ƙasar Sin tana gabanmu da awa 7, Dubai da awa 3. To, kada ka aika saƙo da la'asar ka ce mutumin Sin ya ƙi amsa maka, shi dare ya yi masa.

Na huɗu, in za a aika wa mutane da yawa saƙo ɗaya, wanda duk aka sa a gurbin CC yana ganin adireshin sauran. Ka ga ka miƙa wa abokin takara sunayen abokan cinikinka da hannunka. Gurbin BCC shi ke ɓoye su.

Na biyar, kada a yi rubutu cikin fushi. Magana zarar bunu ce. Dokar Shaida ta 2011, sashe na 84, ta ba kotu damar karɓar abin da ya fito daga kwamfuta a matsayin shaida. Alkawarin da ka rubuta, ko zagin da ka yi, yana nan ajiye.

Na ƙarshe, 'yan damfara. Sunan 419 ya sa baƙi suna ɗar-ɗar da saƙon da ya fito daga Nijeriya, saboda haka a rufe da cikakken suna, da adireshin shago, da lambar waya, da lambar rajistar kamfani in akwai. Mu ma mu kiyaye. In saƙo ya zo cewa abokin ciniki ya canza lambar asusu, kada a tura ko kwabo sai an kira shi ta lambar da aka saba, an ji daga bakinsa.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya sa albarka a nemanmu, ya mai da kowa gida lafiya.