Jawabin mushen lakwal kan tahiyar Diffa

Mun taru kan maganar samarinmu masu son zuwa Diffa sarin tattasai. Ba mu manta ba, a watan Fabrairu 2015 ƴan Boko Haram sun abka wa Bosso da Diffa, har gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci. Amma hatsin bana ba ya kai mu damina, kuma rumbu ba ya cika kansa. Ga abin da muka tsaida. Na ɗaya, a bi kwalta, da rana kawai. Na biyu, a tsaya kasuwar Diffa, kada kowa ya gangara bakin Komadugu don neman araha. Na uku, wanda iyayensa ba su yarda ba, ya zauna. Allah ya kai ku lahiya, ya maido mana ku lahiya.