Jawabin Shugaban Reshe a Taron Ranar Naƙasassu ta Duniya, 3 ga Disamba



Ranar wasannin makaranta, ina muke ajiye yaron da cutar shan-inna ta taɓa? A gindin darbejiya, yana gadin takalman 'yan ajinsu. Mu muka ɗora masa wannan aiki, muna zaton tausayi ne. Ni ma na taɓa yi.

Alhali kuwa a Najeriya aka ƙirƙiro ƙwallon guragu, wadda ake bugawa da hannu a kan katako mai tayoyi, har jihohi suna karawa da juna a cikinta.

Roƙona shi ne, kafin gasar zango mai zuwa, kowane malamin wasanni ya zauna da yaran nan, ya tambaye su wasan da suke so, sannan ya rubuta sunayensu cikin 'yan wasan gidajensu.