Sarkin Yawa da Sarkin Ƙarfi: Daga Gaugamela zuwa Tabkin Kwatto



Hausawa na cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Mun karantar da wannan karin magana shekara da shekaru, amma yau muna so mu gwada ta da tarihi, mu ga inda ta tsaya da inda ta gaza.

Bari mu fara da Iskandar, sarkin Makadoniya ta ƙasar Girka. A shekara ta 334 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ya ƙetara zuwa Asiya da mayaƙa wajen 40,000. Shekara uku bayan haka ya gamu da Dariyus, sarkin Farisa, a Gaugamela, cikin Iraƙi ta yau, yana da dakaru 40,000 da barade 7,000. Marubucin tarihinsa, Ariyan, ya ce Dariyus ya zo da dakaru miliyan guda. To, duk wanda ya taɓa riƙe makaranta ya san yadda ido ke ruɗin mutum: ka tara yara 400 a fili, mai wucewa ya rantse sun kai dubu. Balle abokan gaba, waɗanda yawansu ke ƙara wa mai nasara suna! Masana na yau sun rage adadin zuwa wajen 100,000 ko ƙasa da haka. Duk da haka Farisawa sun fi yawa, kuma su aka kora.

'Ya'yanmu na birni sun san wannan labari. Abin da ke damunmu shi ne ƙalilan daga cikinsu suka ji sunan Tabkin Kwatto, alhali yana nan yankin Gudu, cikin jiharmu. A watan Yuni na 1804, wata huɗu bayan hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo daga Degel, Yunfa sarkin Gobir ya taso da barade masu lifidi, ga kuma Azbinawa a kan raƙuma. Jama'ar Shehu, ƙarƙashin Malam Abdullahi, dawakinsu ba su wuce 20 ba. Sauran duk masu baka ne a ƙasa. Suka tsaya sahu, ba su watse ba da doki ya taso musu, kibiya ta yi aikinta, Yunfa ya gudu ya bar kayansa.

Da labarin ya tsaya nan, sai mu ce karin maganar ta faɗi. Amma bai tsaya ba. Ƙarshen wannan shekara, a Tsuntsuwa kusa da Alƙalawa, Gobirawa da Azbinawa suka auka wa jama'ar, aka rasa mutum wajen 2,000, cikinsu mahaddata Alƙur'ani kusan 200. Mutanen nan dai su ne na Kwatto, zuciyarsu ba ta sauya ba. Abin da ya sauya shi ne ciki: sun baro gonakinsu tun kafin damina, yunwa da cuta sun shige su, da yawa sun bazu neman abinci. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Shi ya sa suka karkata zuwa Zamfara, suka ci Birnin Kabi a 1805, suka sauka Gwandu, inda akwai hatsi da makiyaya.

Iskandar ma haka. Babu sarkin da ya kore shi a fagen fama. Mayaƙansa ne suka ƙi gaba a bakin kogin Biyas na ƙasar Hindu a shekara ta 326, saboda gajiya da ruwan sama. A hanyar komawa kuma hamadar Gedrosiya ta cinye masa mutane da dabbobi da ƙishirwa, ba tare da an zare takobi ba.

Jama'ar Shehu sun sake shan wuya a Alwasa a 1805, har abokan gaba suka iso bakin Gwandu kafin a mayar da su. Sai a 1808, bayan sun sami dawaki da rumbuna, Muhammadu Bello ya ci Alƙalawa, aka kashe Yunfa. Shekarar da ta biyo baya ya kafa birnin Sakkwato, nan gabas da mu.