Tsohon babur da takardunsa

Muna gaida ɗaliban yaƙi da jahilci maza da mata, musamman na Babankatami da sauran garuruwan Buza, Madawa da Keita. Yau hirarmu a kan tsohon babur take, irin mai hayaƙin nan, da yadda ake saida shi ba tare da an ja wa kai rigima ba.

Da farko mu san abin da muke magana a kai. Ana ce da shi mai bugu biyu. Fistin ya hau, ya sauka, wuta ta kama. Baburan yanzu galibi masu bugu huɗu ne. Mai bugu biyu yana ƙone baƙin mai tare da isansi, shi ya sa yake fitar da shuɗin hayaƙi. Mobylette, wadda kamfanin Motobécane na Faransa ya fara ƙerawa a 1949, irinsa ce. Haka Peugeot 103, wadda ta fito a 1971, da Suzuki 100 ta Japan. An daina ƙera Mobylette a Faransa a 2002. To, abin da ya tsufa haka, sau da yawa ya bi hannu uku ko huɗu. Nan matsalar take.

Wani dattijo a ajinmu ya saida Suzukinsa bayan an kwashe albasa. Ciniki ya faɗa a kasuwa, aka yi albarka, aka tafa, kowa ya kama gabansa. Ba a rubuta komi ba. Bayan wata bakwai sai ga sammaci. Babur ya buge yaro a wani gari, mahayin ya gudu, takarda kuwa sunan dattijon take ɗauke da shi. Ya ce ya saida. Aka ce: ina shaida? Kwana huɗu yana kai da kawowa, ya bar aikin garka, ya kashe kuɗin mota, kafin a samo mutane biyu da aka yi cinikin gabansu. Baki yana mantuwa, jama'a. Takarda ba ta mantuwa.

Ga takardun da za a duba. Ta farko, takardar duwan, wadda ke nuna an biya kuɗin shigowa da babur cikin ƙasa. Wannan ta shafe mu ƙwarai, don baburanmu da dama daga Najeriya suke shigowa. Ta biyu, katgiris, wato takardar da ke nuna mai babur. Cikinta akwai sunansa, da irin babur, da lambar da ke bayansa, da lambar jikinsa. Ta uku, takardar inshora, wadda Faransanci ke kira asirans. A duba ranar da take ƙarewa.

Yanzu ga inda karatu yake amfani. Kowane babur yana da lamba da aka buga a ƙarfen jikinsa, galibi a wuya, ƙarƙashin kan babur. Inji ma yana da tasa. A tsohon babur tsatsa da baƙin mai sukan rufe su. Sa tsumma da kananzir ka goge. Ka karanta lambar ɗaya bayan ɗaya, daga hagu zuwa dama, yatsanka a kan takarda. Yi hankali da 6 da 9, da 3 da 8, da 1 da 7. In lamba guda ta saɓa, dakata. In ka ga alamar an kankare wurin, ko an sake bugawa, mai da kuɗinka aljihu. Mai yiwuwa na sata ne. Ranar da jandarma suka tsai da kai, babur ya tafi, kuɗi sun tafi, kai kuma ga tambayoyi.

In lambobi sun dace, sai a rubuta takardar ciniki. Ba ta da wuya. Ga abin da za a sa: sunan mai saidawa da garinsu, sunan mai saye da garinsu, lambar katin ɗan ƙasa na kowannensu, irin babur, lambar jikinsa da ta injinsa, kuɗin da aka biya, ranar ciniki, da sunayen shaidu biyu.

Wajen kuɗi a kula. Mu da dala da jika muke lissafi, takarda kuwa da tamma. Dala guda tamma 5 ce. Jika guda tamma 1.000 ce. In an saida babur jika 150, za a rubuta 150.000 F. Ƙirga sifiri da kanka. Sifiri guda ya faɗi, jika 150 ta koma jika 15. Don haka a rubuta kuɗin da lambobi, a sake rubuta su da kalmomi.

A yi takardar guda biyu, kowa ya riƙe tasa. A kai ma'aikatar magajin gari ko komisariya, a manna tambur, a buga hatimi. Daga nan mai saye ya nufi ofishin sufuri na jiha, a Tawa, a mai da katgiris da sunansa. Kai mai saidawa, kada ka ce ai ɗan uwa ne, kunya ba ta bari. Takarda ba rashin yarda ba ce. Ita ke tsare zumunci ranar da magana ta tashi, ko bayan ranku magada su san gaskiya.

Ɗalibai, a da dangwala yatsa kuke yi a kan abin da ba ku san ko mene ne ba. Yanzu kun iya rubuta sunanku. Kada ku sa hannu sai kun karanta, ko da sannu-sannu ne, ko da mai saye yana gaggawa.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya nemi babur, nasa ko na maƙwabci, da izininsa. Ya goge wuyansa, ya kwafi lambar cikin littafinsa, ya gwada ta da ta takarda. Ku kawo wa malaminku ya gani.

Nan muka kawo ƙarshen hirarmu ta yau. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.