Laƙabin Mai Magani da Kiɗa: Wa Zai Tsare Shi?



Maganata ta yau a kan suna take, watau wa ya cancanta a kira shi mai magani da kiɗa, wa kuma zai hana wanda bai cancanta ba ya ɗauki sunan.

A ƙasar Gumel, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, kamar sauran ƙasar Hausa, kowace sana'a da shugabanta. Mutum ba ya wayar gari ya ce shi ne Sarkin Wanzamai ko Sarkin Makaɗa, sai an naɗa shi. Hatta masu garaya da masu goge, waɗanda kan kaɗa wa marar lafiya a wajen girka, suna da Sarkin Bori a bisansu. Malamai sun daɗe da ƙyamar bori, kuma ba shi na zo karewa ba. Abin lura shi ne tsarin: an san wurin wanda mutum ya koya, an kuma san inda za a kai ƙara in ya yi ɓarna.

Maganin kiɗa na asibiti dabam yake, ba ruwansa da iskoki. Ya bunƙasa ne a Amurka da Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wajen jinyar sojoji. Da shi akan taimaki mai shanyewar jiki ya koma ga magana da tafiya, da tsohon da mantuwa ta kama. Da yake marar lafiya ba ya iya tantance gwani da ɗan damfara, sai hukuma ta shigo. A Ingila an fara yi wa masu wannan aiki rajista a 1999, dokar 2001 kuma ta mai da shi laifi mutum ya yaudari jama'a da laƙabin ba tare da rajista ba. Ƙasar Ostiriya ta yi tata doka, wadda ta fara aiki a 2009.

To, mu fa? Dokar soja ta 1988 ta kafa hukumar rajistar masu gashin ƙashi da masu gyaran magana da makamantansu, amma ba ta ambaci masu kiɗa ba. Saboda haka wanda ya ga dama yana iya kafa allo ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, ya karɓi kuɗin mutanen da ciwo ya ɗimauta, alhali mai taɓin hankalinsu yana bukatar likita.

Shawarata ita ce a shigar da wannan sana'a cikin waccan doka tun masu ita ba su yi yawa ba, a fayyace ilmin da ake bukata, a ajiye littafin sunaye wanda kowa zai iya dubawa. Ku ma'aikata, ku ne za ku rubuta. Ku ɗalibai, ku ne za ku shiga littafin.

Allah ya ba mu lafiya.