Wagadugu da ƙafar dattijo



Kwanan baya na yi wa wani dattijo, baƙo daga Maraɗi, rakiya a Wagadugu. Burinsa biyu: ya ga fitar sarki Mogho Naba daga fadarsa ta safiyar Juma'a, ya kuma gaisa da 'yan'uwa Hausawa a kasuwar Sankaryaare. Fada dai mun gani. Da muka doshi kasuwa a ƙasa, sai tafiya ta gagara.

Wagadugu garin babura ne, kowa ya sani. Gefen titin da aka bar wa mai ƙafa, mai faci ya kafa rumfa, mai tsire ya girke tukuba, sauran kuma babura sun yi sahu. Ga lambatu baki buɗe. Sau uku Baba yana dogara sanda yana tambayata, "Ɗana, babu wani dakali a nan?" Babu. A ƙarshe wata mai sayar da fura ce ta sauka daga kujerarta ta ba shi.

Garin da ke karɓar baƙin bikin fina-finai na FESPACO tun 1969 bai kamata ya rasa wurin zaman tsoho ba. Da aka rushe Zangwetin, tsohuwar unguwar Hausawa, a 2003 saboda shirin ZACA na sake gina tsakiyar gari, benaye aka sa a gaba, zauruka da dakalan ƙofar gida suka tafi.

Abin da nake roƙon magajin gari kaɗan ne: a rufe lambatu, a dasa darbejiya, a ajiye benci a ƙarƙashinta, a kuma ware wa babura wurin tsayawa a bakin kasuwa.